Takardar da Ka Ɗinke a Bangon Littafi

Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, da fatan Allah Ya yalwata maka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan wasiƙa ba. Ban damu sosai ba, domin kai ne ka nuna mini cewa mutum yana iya zama da ransa, da idonsa biyu, da iliminsa, a ajiye masa takarda a gabansa ya ƙi karantawa. Ka yi haƙuri da na fara da wannan. Shekara shida ke nan ina riƙe da ita a baki.

Gida lafiya. Umma tana nan, gwiwa ta hana ta hawa bene amma bakinta garau yake. Ƙanena Usman yana shagon wayoyinsa a Sharafiyya, ya yi ƙiba. Jikarka Maryam ta gama karatu. In na yi mata Hausa tana ji, sai ta amsa mini da Larabci. Shagonka na Bab Makka a nan Jidda, inda ka yi shekara arba'in kana ɗinkin littattafai, yanzu turare ake sayarwa a ciki. Na leƙa sau ɗaya, ban sake ba.

Babban labari shi ne an kama Ammi Bakur, abokin sahunka a masallaci, mai kula da waƙafin rubaɗi, gidan sadakar nan na tsofaffi. Hukuma ta tashi haiƙan a kan masu cin hanci, kowane wata sai a ji an kwashe wasu. A cikin waɗanda aka kwasa akwai wani ma'aikacin ofishin filaye, da aka buɗe durowarsa sai sunan Ammi Bakur ya faɗo. Mutanen unguwa suna ta murna, har wata ta yi guɗa a bakin famfo. Ni ban yi ba. Laifinka ne, kai ka ba ni littattafan tarihi tun ina yarinya, duk wanda aka kawo ɗinki sai na karanta kafin mai shi ya zo karɓa. Na karanta yadda halifofin Bagadaza ke barin waziri ya tara har ya ƙoshi, ranar da baitulmali ya bushe sai a tuna cewa ɓarawo ne, a kama shi a ƙwace. A wane shafi ka taɓa ganin an ɗebi abin da aka ƙwace an mayar wa matar da ke gasa gurasa a bakin kogi? Na karanta labarin muhtasibi, mai zagaya kasuwa yana duba mudu da sikeli don Allah, na kuma karanta zamanin da kujerar muhtasibin kanta sai an saya. Ban ce na yanzu haka suke ba. Ban sani ba. Abin da na koya kawai shi ne in irin wannan ƙofa ta buɗe, ba ta daɗewa, kuma wanda ke riƙe da takarda a hannu shi ke shiga.

Ka san gidan da nake nufi. Wata mata ce daga ƙasarmu ta tako da ƙafa ta Sudan, ta haye teku, ta yi hajji, ta zauna tana sayar da abinci a Bab Makka har ta gina shi. Ta yi waƙafinsa ga tsofaffin mata 'yan uwanmu da suka zo hajji suka rasa hanyar komawa. Kai ka bayyana mini dalilin da ya sa magabata suke yawaita waƙafi. Ka ce lada ce, amma har da wayo: sarki na iya ƙwace gidan mutum, sai dai yana jin nauyin ƙwace gidan da aka ce na Allah ne. Matar nan ba ta iya karatu ba, amma ta san wannan. Abin da ba ta hango ba shi ne ba sarki zai zo ba, ɗan uwanta ne, mai Hausa a baki, mai carbi a hannu.

Bayan rasuwarka da wata biyu ina kwashe littattafanka, sai bangon wani babban kundin tarihi ya ɓare a hannuna. Danshin Jidda ya cinye mannen. Na san aikinka, kullum tsofaffin takardun banza kake cusawa a cikin bango don ya yi kauri. Wannan kuwa ba ta banza ba ce. Asalin takardar waƙafin rubaɗin ce, da hatimin alƙali da sunan matar, ka lulluɓe ta da ƙyalle mai tsabta, ka ɗinke da ɗinkin da ba ka yi wa littafin kowa. Na kai wa Umma. Ita ta gaya mini sauran.

Ta ce Ammi Bakur ya kawo maka tsohuwar takardar ka gyara don ta fara rubewa. A makon nan kuma, bayan sallar Juma'a, ya miƙo maka wata sabuwa ya ce shaida yake so, ka sa hannu ba ka duba ba. Na san dalili. A wurinku, mutumin da kuka haɗa kafaɗa a sahu shekara talatin, in ya ce ka yi masa shaida ka tsaya karantawa, ka zage shi ke nan a gaban jama'a. Sabuwar takardar cewa ta yi gidan gadon kakansa ne, ba a taɓa yin waƙafinsa ba. Da ka gane, sai ka ce masa tsohuwar ta ɓace a shago. Ya ji daɗi, dama ɓatanta yake so.

Baba, kai da ke gano kuskuren mai kwafi a littafin da ya shekara ɗari uku, layi goma ne suka gagare ka? Kunyar Ammi Bakur ta fi kunyar tsofaffi goma sha ɗaya nauyi? Kuma da ka gane, me ya hana ka zuwa wurin alƙali? Ka ɓoye gaskiya a bangon littafi, ka ci gaba da gaisawa da mutumin kowace Juma'a har ya zo ya tsaya a kan gawarka. Wa ka ajiye wa? Ni? Me ya sa ba ka faɗa mini ba, alhali kullum ina zaune kusa da kai ina riƙe maka zare?

Zan faɗi nawa, don kada in yi maka wa'azi da hannu mai datti. Na mayar da takardar cikin ƙyallenta na sa a ƙasan akwati, na yi shekara shida ban ce uffan ba. Duk azumi ina kai wa tsofaffin miya da shuraba, romon nan na buɗa-baki, Hajja Kande, wadda ta fi kowa daɗewa a gidan, tana sa mini albarka tana cewa na gaji halin ubana. Gaskiya ta faɗa, ba ta dai san ta wace fuska ba.

Abin da ya tashe ni shi ne, ashe kafin a kama shi ya riga ya sayar da gidan ga wasu masu gini. Kama shi bai warware cinikin ba, tunda a takarda gidansa ne. Aka liƙa wa tsofaffin sanarwa a ƙofa cewa su tashi kafin ƙarshen wata. Hajja Kande ta ɗaure kayanta a zane biyu ta zauna a kansu, ta tambaye ni ko a Kano har yanzu akwai wanda zai gane sunan mahaifinta. Shekararta hamsin rabonta da can.

Usman ya zo har ɗakina ya roƙe ni. Ya ce in na fito da takardar, za a binciko wanda ya yi shaidar ƙarya, a karanta sunanka a gaban alƙali. Ya ce kafilinsa, wanda ya tsaya masa a ƙasar nan, surukin Ammi Bakur ne, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, da ta 'ya'yansa huɗu a hannun mutumin suke. Ba ƙarya ya yi ba, kuma ban raina tsoronsa ba. Umma ba ta ce in kai ba, ba ta ce kada in kai ba. Ta dai goge mini abayata da safe ta ajiye a bakin gado.

Na kai, Baba. Na hau mota zuwa ofishin masu binciken, na zauna a layin mata har azahar. Wanda ya karɓe ni sa'an Maryam ne, mai ladabi. Ya sa safar hannu kafin ya taɓa takardar, abin ya burge ni. Ya tambayi inda na samo ta, na faɗa masa duka, ban rage maka komai ba, ban kuma ƙara maka ba. Na ce ka sa hannu ba ka karanta ba, na ce ka gane ka yi shiru, na ce kai ne kuma ka hana ta ɓacewa. Na ce ni ma na yi shiru shekara shida. Ya rubuta, ya juyo mini da takardar in sa hannu. Na karanta ta tun daga bismilla har ƙasa, sau biyu, yana jira.

Shekaranjiya alƙali ya dakatar da tashin tsofaffin har a gama shari'a, ya ce a cire sanarwar daga ƙofa. Ba a gama ba tukuna, amma Hajja Kande ta kwance zanenta ɗaya. An karanta sunanka a zaman, kamar yadda Usman ya faɗa, kuma kafin la'asar labarin ya zagaye unguwa. Wasu abokanka sun daina amsa gaisuwata da kyau. Kafilin Usman ya ce masa ya nemi wani, yana ta nema, bai samu ba tukuna, kuma ba ya ɗaukar wayata. Wannan shi ke hana ni sukuni, ba maganar mutane ba.

Ba zan ce ka yafe mini ba, domin ban ga na yi maka laifi ba. Na ɓata maka suna a Bab Makka, inda ba ka da sauran buƙatarsa. Inda kake yanzu shaidar nan ce ke wuyanka, kuma iyakar abin da 'ya za ta iya sauke wa ubanta daga nan, na sauke. Har yanzu ina fushi da kai. Har yanzu kuma ba na idar da salla ban ambace ka ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka, Ya yafe mini shekaruna shida. Ka huta lafiya.

'Yarka,
Sa'adatu