Inda Ruwan Ya Tsaya

Lujain 'yata, in ke ce kika buɗe littafin nan, ki rufe. Karanta sirrin uwa ba tarbiyya ba ce, kuma Allah yana ganinki.

Asabar, 1 ga Nuwamba
Nawaf ya sayi mota mai lantarki. Ɗana na fari, bai shawarce ni ba. Wai Abdulmohsen mai imararmu, wato benen da muke zaune, ya yarda a kafa akwatin caji a garejin ƙasa, duk mai irin motar ya riƙa amfani da shi. Na ce a garejin ƙasa? Ya ce, "Ummi, halas, magana ta ƙare, zamani ne." Zamani ba ya hana ruwa gangarowa.

Talata, 4 ga Nuwamba
Na leƙa daga bene. Sun zana alamar inda za a kafa akwatin da alli, daidai gwiwar mutum.

Laraba, 5 ga Nuwamba
Duk manyan gidan nan ba wanda ya ga ambaliyar ruwan 2009 sai ni. Sauran sun tashi, an yi wa bango fenti sau uku. A garejin nan mijina marigayi Bello ya sauka ya fitar da motarsa, wutar wayar famfon ruwa ta kama shi. Hannunsa na dama bai sake ɗaga ko cokali ba har ya koma ga Allah. Yaran suna ƙanana, ce musu na yi faɗuwa ya yi. Ni da nake dukansu a kan ƙarya.
Kuma yaran maƙwabta, da an yi yayyafi, can suke zuwa su yi ta tsalle a ruwa.

Juma'a, 7 ga Nuwamba
Na hana Nawaf. Ya yi dariya. Ban ci abinci ba.

Lahadi, 9 ga Nuwamba
Yau na yi abin da ban taɓa yi ba. Na sa abaya na sauka cikin maza. Injiniya Raed, mai kafa akwatin, ya ce magudanai sun gyaru yanzu. Abdulmohsen ya ce, "Ya Ummu Nawaf, ki bar wa masu ilimi." Na jingina da ginshiƙi, na ɗora hannu a ƙirjina, na ce nan ruwan ya kai mini ranar da na jawo mijina. Na sa makulli na kankare fenti. Ga layin laka, ja, yana nan.
Nawaf ya kalle ni. Ashe da bakina na faɗi abin da na ɓoye masa.

Litinin, 10 ga Nuwamba
Nawaf bai tambaye ni komai ba. Da ma ya yi faɗa.

Alhamis, 20 ga Nuwamba
Sun ɗaga akwatin kamu biyu sama da layin, da makunnin da ke yanke wutar daga bene. Nawaf ya hana a shafe wurin da na kankare.

Talata, 25 ga Nuwamba
Nawaf ya kai ni asibiti awon jini a motar. Ba ƙara, ba warin fetur, ban yi jiri ba. Ban ce masa ta yi daɗi ba, kada kansa ya kumbura. A hanya ya ce, "Hannun dama ne, ko?" Na ce e. Ya riƙe nawa har danja ta ba da hannu.
Na kafa doka: da hadari ya taso daga teku, a yanke wutar, ba mai sauka gareji. Makullin garejin yana ɗaure a bakin mayafina. Wanda ya tambayi dalili kuma, a faɗa masa gaskiya.