Hutun da Aka Ce Na Ci a Girka

Al-Naseem, Riyad

Zuwa ga Yayata Mariamou,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara da duk mutanen Tasawa. Yaya ƙafar taki? Yaya 'yata Sahadatou da nauyin jiki? Ni ma lafiya lau, sai kewarku. Na rubuta ne a takarda na ɗauki hotonta na turo miki, don na san halin gidanku, in na aiko da murya har maƙwabta sai sun ji.

Yaya, albishirinki! Madam ta yarda da ijazata, wato hutun da zan zo gida. Kin san ban ga auren yarinyar nan ba. Kayan ɗaki kawai na aiko, aka kai ta ina nan ina goge tayil a gidan Larabawa. To wannan karon na rantse ba mai yi wa autata wankan jegon haihuwar fari sai ni. Ki gaya wa mijinta Bachir ya kawo ta goyon ciki ɗakina. Ki sa a share shi, a tanadi itace da babbar tukunya. Kanwa da kayan yaji kar ki saya, da hannuna zan zaɓa.

Sai dai akwai ɗan tsaiko. Zafi ya kori masu gida, za su tafi shan iska wani tsibiri a ƙasar Girka, wai shi Rodos, kuma da ni za a je saboda yara. Madam ta ce muna dawowa za a yi mini takardar fita, in hau jirgi. Da sauran lokaci kafin watan haihuwar, kar Sahadatou ta sa damuwa a ranta.

Ki shafa mini cikin nata, ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Safiatou


Al-Naseem, Riyad

Yaya Mariamou,

Sallama da gaisuwa irin ta zumunci. Ina fata kuna lafiya, kuma damina ta yi albarka. Mun dawo, amma da ƙyar nake riƙe biron nan saboda ɓacin rai. Bari in fara da garin, tunda na ji kowa a Tasawa ya ƙagu ya ji yadda Safiatou ta huta.

Wuri ne mai kyau, ba zan yi ƙarya ba. Wata tsohuwar ganuwa ta dutse ce ta kewaye tsohon garin, lungunan ciki an shimfiɗe su da ƙananan duwatsu, baƙi sai ɗaga kai suke suna ɗaukar hoto. Ni kuwa duwatsun na fi sani, don a kansu nake wuni ina tura keken jinjiri, taya tana maƙalewa, jakar ruwa da famfas a kafaɗata. Na hango hasumiyar wani tsohon masallaci, na yi murna, na je na tarar da shi a kulle. A bayan wani shago na shimfiɗa mayafi na yi azahar, wata mage tana kallona.

Wata rana aka kai mu wani ƙauye mai fararen gidaje, a saman dutsensa akwai kangon mutanen da. Yaya, jaki! Irin jakin da Malam yake ɗora wa kara, shi Turawa suke bin layi su hau suna ƙyalƙyala dariya. Madam da manyan 'ya'yanta suka hau, ni na bi su a ƙasa da jinjiri a baya. Da na kai sama kowa yana nuna teku yana masha Allah, ni ba abin da nake gani sai jiri.

Abinci kuma a bakin ruwa ake jera tebura da yamma. Gasasshen kifi, zaitun, tumatir da wani farin cuku mai gishiri, da wata halittar ruwa mai ƙafafu barkatai da suke shanyawa a igiya kamar wanki. Wallahi ko kallonta ba na son yi. Kafin in gama ba yara, nawa ya huce. Yawanci burodi nake ci a tsaye ina jijjiga yaro.

Bakin teku kuwa, a'uzubillahi, ban san inda zan sa idona ba. Manya da furfurarsu kwance kusan tsirara, suna gasa kansu a rana da gangan. Ni ina cikin abaya, rabina a ruwa, ina riƙe da yara kar ruwa ya ja su. A nan ne Hajar, babbar 'yar Madam, ta maƙala mini tabaranta, ta ba ni askirim ɗin ƙaninta in riƙe, ta ce in yi dariya, ta ɗauke ni hoto. Ni da wautata na tura wa Sahadatou, wai don ta ga uwarta ba ta cikin wahala, hankalinta ya kwanta.

Muna sauka filin jirgin Sarki Khalid, tun a mota na tuna wa Madam maganar tafiyata. Ta ce bukra. Kullum bukra, gobe, gobe. Ranar da na matsa, sai ta buɗe waya ta nuna mini wannan hoton, ta ce ga ijazata nan na riga na ci. Wai wace 'yar aiki ce a Riyad aka kai Turai, jirgi da otal duk a kansu? Makaranta za ta buɗe, halas, wato magana ta ƙare, sai baɗi. Na durƙusa mata, Yaya, ni da na girme ta, na yi kuka na ce 'yata za ta haihu. Ta ce ai a ƙasarmu ma akwai asibiti. Na je wurin maigida, don shi ne kafilina, in bai sa hannu ba ba ni fita ƙasar nan. Ya ce maganar mata ce, ya ɗauki makullin motarsa.

Abin da ya fi ci mini rai, Sahadatou ta daina ɗaukar wayata. An ce hoton ya zaga Tasawa, ana cewa na zaɓi ruwan Turawa na bar 'yata da tsohon ciki. Don girman Allah ki zaunar da ita ki karanta mata wannan wasiƙa tun daga farko.

Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Safiatou


Al-Naseem, Riyad

Yayata,

Assalamu alaikum. Barka, barkanmu duka! Yaya mai jego, yaya jaririya? Allah ya raya ta, ya ba uwar lafiyar shayarwa. Na ji ke kike hura wuta safe da yamma da wannan ƙafar taki, ke kike yi mata wanka, ke kike dama kunun kanwa. Ba ni da bakin gode miki.

Amma ba zan ɓoye miki ba. Ina wanke kwanuka saƙonki ya shigo cewa an raɗa wa yarinya Mariamou, sai da na zauna a ƙasan kicin. Kin ce Bachir sunana ya so ya sa, Sahadatou ce ta ce a sa wadda ta tsaya mata. Kin ce kin karanta mata wasiƙata, ta saurara har ƙarshe, ta ce wanda aka tilasta ba ya irin wannan dariyar. Ba na jin haushinki, Yaya. Ko kuwa ina ji kaɗan, Allah ya yafe mini. Ni na haifa, ni na zo nan nake goge ƙazantar wasu saboda ita, amma ranar da ta waiga ke ta gani a bakin murhu.

Madam da ta ji an haihu ta ce mabruk, wato barka, ta ɗauko sabulun zaitun cikin tsarabar Girka ta ba ni, wai in aika wa mai jego. Na karɓa na ce shukran, me zan ce?

Ki tsananta ruwan, kar ki ji tausayinta in ta yi ƙara, tun tana ƙarama raki gare ta. Ki sa ta cin gasasshen nama da yaji. Ki turo mini hoton jaririyar ko a ɓoye ne, har yanzu ban ga fuskarta ba.

Kin tambaye ni ko za ku sa rai da ni baɗi. Jiya ina zuba musu shayi na ji suna zaɓen tsibirin da za a je in zafi ya dawo. Madam ta dafa kafaɗata ta ce tunda na ji daɗin wancan sosai, da ni za a koma. Don haka kar ki ce wa kowa ina tafe. In yarinyar ta fara magana, ki bar ta ta ce miki Kaka, kar a sa ta jira ni.

Wassalam.

Ƙanwarki,
Safiatou