Mijina ya ce Igbo suna saye, aka rubuta yana sayar da wiwi

Assalamu alaikum admin da sauran 'yan uwa na wannan gida. Admin don girman Allah ki sa min wannan ba suna, ko harafin farko kada ki bari, don akwai 'yan unguwarmu a nan ciki kuma bakinsu ba ya rufuwa. Jama'a don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle, wanda kuma ya san zagi ne zai kawo shi ya yi haƙuri ya wuce, na sha wanda ya ishe ni a gida.

Ni haifaffiyar Fatakwal ce, nan aka haife mu ni da Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, mahaifinmu mahauci ne a mayankar Trans-Amadi har Allah ya karɓi ransa. Turancin buroka a bakina yake kamar Hausa. Mijina kuwa, bari in kira shi Malam, daga gida ya zo, wani ƙauye can ƙasar Katsina, kuma bai daɗe sosai a nan ba. Busassun kayan miya yake sayarwa, kuka, kuɓewa, zogale, rama, zoɓo, daddawa da kanwa. Burokarsa ta ciniki ce kawai, iya ta faɗin farashi da yi wa kwastoma sannu da zuwa. Mutum ne da in ka ce masa yau rana daga yamma ta fito, zai ce Allah mai iko, ya ci gaba da awonsa. Wannan halin ne ya sa na so shi, kuma wallahi yau shi ne yake neman kashe ni da baƙin ciki.

Yaya ne ya samar masa shagon, shi ne kuma ya ba da aurena, don haka Malam ba ya iya haɗa ido da shi. Yaya dai mun san shi da harkar motocin shanu, in sun sauke za su koma arewa ya samo musu kaya. An daɗe ana ƙus-ƙus a unguwa cewa ba kowane kaya ne na Allah da Annabi ba, amma duk ranar da magana ta zo kunnen Umma, mahaifiyarmu, sai ta ce hassada ce, ɗanta ya samu ana baƙin ciki.

Wata rana Yaya ya zo shago a keke da wasu buhuna ɗinkakku, ya ce ajiya ce, mota za ta ɗauka in ta tashi komawa. Kun dai san yadda muke, ajiya ba a buɗe ta, ba a tambayar me ke ciki, balle ta yayan matarka. Malam har kukarsa ya sauke ƙasa ya ɗora buhunan a kan katako don kada damshin ruwan Fatakwal ya taɓa kayan mutane. Ba a yi nisa ba sai ga jami'an da ke kama masu ƙwaya da rana tsaka, ba su duba ko'ina ba sai wajen buhunan nan, suka farke, sai ga wiwi a danne.

A nan ne abin da ke ci min rai ya faru, maƙwabcinsa mai doya ne ya ba ni labari don a gabansa aka yi. Waɗanda ba su taɓa zama kudu ba, ku sani a bakin 'yan titi a nan igbo sunan wiwi ne, faɗar ce kawai ta ɗan bambanta da sunan ƙabilar, kuma sai kunnen da ya saba yake rabewa. Malam bai taɓa sanin haka ba, shi wiwi ya sani. Ɗaya daga cikin jami'an ya saita masa waya yana ɗauka ya ce, “You dey sell igbo?” Bawan Allahn nan, duk ya ruɗe, sai ya ji an yi tambayar da ya gane, wai ko yana sayar wa Igbo. Har da saurinsa ya ce, “Yes oga, Igbo dey buy well well, Calabar dey buy, even Yoruba dey buy,” wato Igbo suna saye sosai, har 'yan Kalaba da Yarbawa. Aka ce tun yaushe, ya ce tun zuwansa garin. Aka ce me yake sayarwa, ya ce ganye. Shi a zuciyarsa yana nuna musu shi ɗan kasuwa ne mai zaman lafiya da kowa, su kuwa sun gama samun abin da suke so, suka tafi da shi. Da mai doya ya gama faɗa min na rasa kuka zan yi ko dariya, sai kawai na zauna a ƙasa a tsakiyar kasuwa.

Yaya ya kashe waya ya ɓace, sai da ƙura ta lafa ya ɓullo gidan Umma da lauya a bayansa. Lauyan nan ba baƙo ba ne, duk wanda aka kama da irin wannan kaya a yankinmu shi ake kira, har lauyan masu ganye ake ce masa a bayan idonsa. Ya zauna yana ta ƙamshin turare ya ce magana mai sauƙi ce, tunda Malam ya riga ya amsa a bidiyo babu amfanin jayayya, ya amsa laifi kawai, ba a taɓa kama shi ba, za a sassauta. Sharaɗi ɗaya ne, kada ya ambaci sunan kowa. Na ce masa ai mijina bai gane tambayar ba, na fara yi masa bayanin kalmar, sai ya yi dariya ya ce madam ki bar wa lauyoyi shari'a. Na kalli Yaya ko zai ce wani abu, yana can yana danna waya kamar ba a kansa ake magana ba.

Na je wajen dattawan unguwa da kukana, suka ba ni kujera, suka yi min addu'a, sannan suka ce maganar gida ce a rufa asiri, ba a tona ɗan uwa a garin mutane, in suna ya fita gobe duk shagon Bahaushe sai an bincike shi. Na ce to shi wanda yake tsare ba ɗan uwa ba ne? Aka ce in yi haƙuri, mace ba ta ɗaga murya a gaban manya. Haƙuri, haƙuri, tun da abin nan ya faru ba abin da ake ba ni sai shi, na rasa inda zan zuba shi.

Sai Allah ya haɗa ni da wata mata da ke sayen zoɓo a wajen Malam, ta zo ta tarar da shago a kulle ta nemo ni. Ashe lauya ce, kuma Igbo ce, ɗaya daga cikin waɗanda ya ce suna saye ɗin. Da na ba ta labari ta riƙe kai. Ta ce min in buɗe kunne, lauyan da mai kaya ya ɗauko mai kaya yake yi wa aiki, ba wanda aka kama ba. Ta ce yawan kayan nan ba abin da za a ce je ka kada ka sake ba ne, magana ce ta shekaru a gidan yari, kuma in ya amsa laifi da bakinsa a gaban alƙali, warware ta sai wani ikon Allah. Ta ce bayanin da aka ɗauka ba tafinta ba lauya ana iya ƙalubalantarsa, mai doya zai iya shaida, mai keken da ya kawo buhunan ma in an same shi. Amma ba ta ɓoye min ba, dole a faɗi wanda ya kawo ajiyar, kuma ko da hakan ba ta yi min alkawarin za a sake shi ba. Ta ce ba za ta iya shiga ba sai Malam da kansa ya ce ya sallami wancan lauyan yana son ta.

Na koma na gaya wa Umma, ina zaton uwa ce za ta ji tausayina. Ranar na ji abin da ban taɓa ji daga bakinta ba. Wai in miji ya tafi ana samun wani, amma ita ba za ta sake haifa min wani yaya ba. Wai Malam baƙo ne, in ya fito zai iya komawa ƙauyensu ba wanda ya san abin da ya faru, Yaya kuwa nan ne garinsa. Ta rufe da cewa in na kai sunan ɗanta gaban hukuma ba ta yafe min nonon da na sha ba. Shi kuma Yaya ya aiko a gaya min in kwantar da hankalina, zai riƙe ni da yarana har Malam ya fito, kamar ce masa aka yi shinkafa ce ta ƙare min. Har yau bai taka ya je ya duba mutumin da ke kwana a ƙasa saboda shi ba. Ina son Yayana, shi ya tsaya mana bayan rasuwar Baba, kuma na san in na faɗi sunansa shi ma shekarun zai tafi, Umma kuma hawan jini gare ta. Amma wallahi in na tuna yadda Malam ya ɗora buhunan nan a kan katako sai in ji kamar in fasa ihu.

Na je ganin Malam a inda ake tsare da shi. Ya rame, idonsa ya faɗa, amma tambayarsa ta farko wai ko na shanya kukar da ya bari a ƙasa kada ta yi fumfuna. Na fara kawo masa maganar Yaya, ya ce in bari, ƙila shi ma Yayan wani ne ya ba shi, bai san me ke ciki ba, kuma da wane ido zai kalli Umma in ya kira sunan ɗanta. Sannan ya ce in daina damuwa, lauyan Yaya mutumin kirki ne, ya ce masa ba sai an nemo tafinta an ja zance ba, ya koya masa kalma ɗaya tak, in alƙali ya yi magana ya tsaya, shi kuma ya faɗe ta, shi ke nan an gama. Yana ta maimaita ta don kada ya manta. Ya matso kusa da ni ya ce, “Ke da kike jin Turanci, mene ne gilti? Kada in sake yin irin ta rannan.”

Na ce masa zan tambayo, alhali na sani sarai, ma'anarta na aikata. Ya ce to, Allah ya yi miki albarka, ki gaida Umma da Yaya.

Mako mai zuwa za a shiga kotu, kuma ziyara ɗaya ta rage min kafin nan. In na fassara masa kalmar nan na san Malam, ba zai taɓa tsayawa ya ce ya aikata abin da bai aikata ba, daga nan kuma sunan Yaya zai fito, Umma ta sallama ni. In na yi shiru zai miƙe a gaban alƙali ya faɗe ta da ƙarfinsa yana jin ya yi daidai. Malamai na cikin gidan nan, fushin uwa yana kama mutum a kan irin wannan? Lauyoyi, gaskiya matar nan ta gaya min? Ku da kuke da miji kuke da yaya, don Allah ku gaya min, in na koma ya sake tambayata mene ne gilti, me zan ce masa?