Wayar da Na Sa Aka Kewaye Tudun Inna da Ita

Bani Malik, Jidda

Zuwa ga ƙanena Nomau,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Zeinabou da yara, Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan alhamdulillahi. Ina nan ina tuƙa iyalin kafilina, wato maigidan da nake wa aiki, a unguwar Abhur, sai dai gwiwa ta fara yi mini gardama. Matata Mastura ta samu sauƙin ciwon ƙirjin nan. Na rubuto ne ta hannun masu dawowa daga Umra, domin abin da zan faɗa, sau biyu ina ɗaukar waya bakina yana ƙin buɗewa.

Hotunan tudun Inna da ka turo sun iso, kuma gani ya kori ji. Ɗana Mazen ne ya buɗe mini su. Da Larabcinsa ya tambaye ni ko wannan kurmin ne wurin da nake cika musu kunne da labarinsa, inda kakarsu take yankar nobe, ciyawar nan mai ƙamshi, inda tsuntsun nan tuji yake ƙwai a ƙasa, barewa tana leƙowa da safe. Na ƙura wa hotunan ido. Garmani ya kai ƙugu, ƙaya ta rufe sauran. Na duba har idona ya yi ruwa, ban ga gamba ko tushe ɗaya ba.

Kai ka san yadda aka yi, amma bari in faɗa da bakina. Da Inna ta rasu ban samu zuwa ba, saboda iƙamata, takardar izinin zamana, tana hannun masu sabuntawa. Baƙin ciki ya sa na ce ka kewaye tudun da waya, kada saniya ta shiga, kada a yanki ciyawa ko ta zana ɗaya, a bar shi yadda ta bar shi. Ka ce mini Inna da kanta take kiran Ardo Bammi ya shigo da shanunsa bayan kaka, wai tudun nan bakin dabba yake so. Na ce kai yaro ne, kai da furfurarka. Ina ganin lambunan Abhur, ko'ina katanga, ko'ina kore, na ɗauka haka ake tsare abu. Na manta nan da famfo da almakashi ake riƙe su. Shekara goma sha ɗaya ka yi mini biyayya, ni kuwa ina nan ina taƙama na adana wa Inna wurinta.

Yanzu ka ce ma'aikatan gandun daji sun zo, sun ce nobe ya saura 'yan tushe kaɗan ta gabas, tuji kuma damina uku ba a gan shi ba. Sun ce a tumɓuke garmani kafin ya zubar da iri, a sare ƙayar, a watsa irin gamba, a bar shanu su riƙa shiga da ƙa'ida. Ka ce musu sai yayanka ya yarda. Wallahi wannan maganar ta fi hotunan yi mini ciwo. Na yarda, Nomau, halas. Kada ka jira wata takarda. Ka cire wayar a makon nan. Ardo Bammi ya riga mu gidan gaskiya ban nemi gafararsa ba, don haka ka je wurin 'ya'yansa da kanka, ka ce ni na roƙe su, shanunsu su fara shiga.

Ban sani ba ko noben zai tashi. Mai yiwuwa mun makara. In bai tashi ba kada ka ɓoye mini don tausayi. In kuma jikokinmu suka tambaye ka abin da ya cinye tudun, kada ka ce musu garmani ne. Ka faɗa musu sunana.

Ka gaishe mini da Zeinabou, da ƙanwarmu Rahila da mijinta, da Baba Liman. Mastura da Mazen da 'yata Jawahir suna gaishe ku. Allah ya jiƙan Inna, ya sada mu da alheri.

Yayanka mai neman afuwarku,
Abdelkader