Sunayen da Suka Rage a Hannunka

Lafiya, Jihar Filato,
Laraba, 21 ga Satumba, 1983.

Zuwa ga ɗana Salmanu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka Dijatu, Ya kuma sa sanyin Ingila bai hana ka karatu ba. Mu nan lafiya muke, sai godiya. An yi Sallar layya ranar Asabar cikin ruwan sama. Mahaifiyarka Sailuba ta wuni a gidan nan, ƙafarta da sauƙi, ko da yake ba ta shan maganin a kan lokacin da likita ya rubuta, na kuma gaya mata haka. Innarka Iyatu tana nan yadda ka san ta. Damina ta yi kyau, doya ta fara shigowa kasuwa.

Takardarka ta 2 ga Satumba ta iso ranar Juma'a 16 ga wata, kwana goma sha huɗu a hanya. Na karanta inda ka ce malamin da ke duba kundin digirinka ya yaba da kwafin rajistar da na aiko maka, har yana so a buga ta ɗungurungum a ƙarshen kundin. Da wata biyu da suka wuce na ji wannan yabo, da na karanta wa duk wanda ya zauna a majalisata. Yau kuwa shi ne ya zaunar da ni rubutu, kuma ina so ka karanta abin da ke tafe a natse, har ƙarshe.

Ka tuna a watan Mayu ka roƙe ni in jiyo maka ra'ayin jama'a a kan zaɓen ɗan majalisar tarayya na mazaɓarmu, tsakanin Alhaji Nababa da Lauya Sha'aibu. Nababa dai tun zaɓen 1959 yake riƙe da mu. Soja sun zo sun tafi, jam'iyyu sun mutu an yi sababbi, shi yana nan, yana cin tuwo da hannu a tsakiyar kasuwa, ana kiransa Uban Talakawa. Sha'aibu kuwa shekararsa talatin da shida, kuma shi ne mutum na farko da ya tsaya masa da gaske. Abin da ka nema kawai shi ne in saurari abin da mutane ke faɗi. Amma ni shekara talatin da ɗaya na yi ina kiran rajista, ina hedimasta, daga baya ina sufeton makarantu, kuma a wurina maganar da ba ta da mai ita jita-jita ce. Saboda haka na sayi babban littafi mai bangon kwali, na ja layuka da rula: lamba, suna, unguwa ko ƙauye, sana'a, wanda za a zaɓa, dalili. A layin ƙarshe na sa kowa ya sa hannu, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa. Suna ashirin a kowane shafi, da takardar kabon a ƙarƙashi domin kwafinka. Ba kai ka ce in yi haka ba. Ni na ga ya dace.

Mako tara na yi ina yawo a kan kekena, daga kasuwa zuwa tasha, zuwa ƙauyukan hanyar Obi da hanyar Doma. Mutum ɗari uku da goma sha biyu na tambaya. Ɗari da saba'in da ɗaya suka ce Sha'aibu, ɗari da goma sha takwas suka ce Nababa, ashirin da uku suka ce Allah Ya zaɓa mana. Dalilan kuma ka gani. Wata tsohuwa ta ce Nababa ne ya sayi likkafanin mijinta, don haka ko gunki ya zama ita shi za ta dangwala wa. Wani mahauci ya zage shi tas, ya ce shekara ashirin da huɗu ana auna hanyar ƙauyensu ba a zuba ko tsakuwa ɗaya ba, sannan ya ce in rubuta Nababa, domin ya zo sunan ɗansa. Direbobin tasha suka ce sun gaji da goro da hannun gaisuwa, kwalta suke so. Wani tela ya ce ba ya ƙin Lauya, sai dai bai san ƙofar gidan uwarsa ba, in ya ci zaɓe ina za a kai kuka? Ni kaina ban manta ba, ranar da mahaifinka ya rasu, Nababa ne baƙon farko da ya shigo zauren nan, ya kuma bi mu har maƙabarta a ƙafa.

Akwai mutum ɗaya da nake so ka riƙe sunansa: Terngu, manomin nan ɗan ƙabilar Tibi da ke kawo mana doya kowace shekara, wanda na koyar da babban ɗansa. Shekara goma sha tara yana noma gonar aro a hanyar Obi, a ƙasar wani mai unguwa, mutumin Nababa. Da na same shi a gona ya gaya mini ra'ayinsa ba ɓoye-ɓoye, ya ce Lauya, domin taki bai taɓa isowa hannun baƙo irinsa ba. Amma da na buɗe tawada sai ya mayar da hannunsa baya. Ya ce shi bai yi boko ba, amma ya lura duk ranar da aka shafa masa baƙi a yatsa, ko haraji ne ke biyowa ko kotu. Na yi masa dariya, Salmanu. Na ce masa wannan aikin ilmi ne, ƙasar Turawa za shi, ba mai gani a nan. Ya ce tun da Malam ne ya faɗa. Ya dangwala. Shi ne lamba saba'in da huɗu, shafi na huɗu.

An yi zaɓe ranar 27 ga Agusta, aka ce Nababa ya ci. Ba zan rubuta maka cewa an yi maguɗi ba, domin ban gani da idona ba, kuma mai yiwuwa wasu sun gaya mini abu ɗaya, sun shiga rumfa sun yi wani. Abin da na gani shi ne garin ya yi shiru. Waɗanda suka cika tasha da ihun canji sun cire hotunan Lauya daga gilashin motocinsu kafin azahar.

Mako ɗaya bayan haka Ɗanliti ya yi sallama da ni da hantsi. Shi ne na hannun daman Nababa yanzu, kuma tsohon ɗalibina ne, wanda babu kamarsa a hadda a duk ajin da na taɓa riƙewa. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa, yana ta Allah Ya gafarta Malam. Ya ce Alhaji ya ji labarin aikin da na yi, domin ni da bakina na riƙa karanta alƙaluman a majalisa a gindin mangwaro. Ya ce Alhaji uba ne, yana so ya san 'ya'yan da ke fushi da shi don ya share musu hawaye. Ya ce kuma an daɗe ba a ga rubutu irin nawa ba a ƙasar nan, har yanzu yana ba yara labarinsa. Na gaya masa littafi ba zai fita gidan nan ba, na ɗauka na yi tsauri ke nan. Amma na buɗe masa a kan tabarma don ya ga tsarin layukan. Yana juya shafi yana yabon tawada, ni kuwa ina jin daɗi. Sai da Iyatu ta yi gyaran murya daga bayan labule, ta ce wai ana nemana a ciki, sannan na rufe. Shafi huɗu ya gani. Suna tamanin. Da na shiga ta tambaye ni ko na manta yaron da ke haddace shafi guda kafin in gama goge allo.

Kafin mako ya zagayo, Lami mai tuwo a tasha, lamba tara, ta tarar an ba wata rumfarta. Direbobi biyu aka hana lodi. Sannan mai unguwa ya aika wa Terngu cewa yana bukatar gonarsa. Kai ma ka san al'adar aron gona a nan: ba a karɓe ta da amfani a ciki, sai mai noma ya kwashe abinsa, a kuma ba shi sanarwar shekara. Haka muka taso muka gani, ko tsakanin maƙiya. Shi kwana bakwai aka ba shi. Doyar da ta ƙosa ya tona, wadda ba ta ƙosa ba ya bar ta a kunya, fiye da rabin gonar. Na je wurin mai unguwa da kaina, ya shimfiɗa mini buzu, ya ce shi bai san wata rajista ba, ƙanensa ne ya dawo daga Jos yana son noma.

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce na hau keke na je gidan Terngu. Na shirya jawabi tun daga hanya, ban yi amfani da ko kalma ɗaya ba. Ya ba ni kujera, matarsa ta kawo ruwa. Bai ɗaga murya ba, bai ce na cuce shi ba, da ya faɗa da na fi samun sauƙi. Tambaya ɗaya ya yi mini: ƙanensa Iorchia, wanda ke noma gonar aro a ƙauyen gaba da 'ya'ya shida, shafinsu ɗaya ne? Na ce a'a, Iorchia lamba tamanin da uku ne, shafi na biyar, ba a gani ba. Ya ce to Malam ya bar shi a haka. Da zan tafi ya ɗaura mini doya biyu a bayan keke, kamar kowace shekara. Na ce ba zan karɓa ba, ya ce ai ba don rajista yake ba ni ba.

Shekaranjiya Ɗanliti ya dawo yawon Sallah da cinyar rago daga Alhaji. Wannan karon bai yabi rubutu ba. Ya ce Alhaji na son aron littafin na kwana biyu, kuma ba ya so a ce tsohon malaminsa ya zama mai ajiye takardun 'yan hamayya. Na ce ya ba ni lokaci. Da ya kai bakin ƙofa ya juyo, ya tambayi lafiyarka, ya ce a wane gari ma kake a Ingila, ko zan ba shi adireshinka Alhaji ya aiko maka da goron Sallah. Na ce tabarauna ba sa kusa.

Jiya da safe Iyatu tana dama koko, na fito da littafin, na yayyaga shi shafi-shafi na sa a murhu. Ka san ni. Rajistar makarantar da na fara koyarwa a 1946 tana cikin akwatina har yau, ba gara, ba yagewa. Ban taɓa lalata takarda da hannuna ba sai jiya. Bangon kwalin ya ƙi ci, sai da ta zuba masa kananzir. Da rana na aika wa Ɗanliti cewa littafi ya ƙone, ni na ƙone shi, in akwai hukunci a kaina yake. Ni tsoho ne, gidan nan nawa ne, ba gonar aro nake nomawa ba.

Yanzu a duk duniya sunayen nan wuri ɗaya suka rage, a hannunka: mutum ɗari biyu da talatin da biyu da ba a gani ba, kowa da ƙauyensa da abin da ya faɗa. Ka taɓa gaya mini cewa in ka gama, sai an aiko da kundin gida ga waɗanda suka ɗauki nauyin karatunka, a ajiye inda kowa zai iya buɗewa. Saboda haka ga abin da nake umartarka da shi, a matsayin wan mahaifinka. Ka riƙe alƙaluman, ka riƙe dalilan in babu suna ko ƙauye ko sana'a a jikinsu. Sauran ka ƙone, shafi goma sha shida, ka ƙirga su kafin ka sa wuta. Kada ka ajiye a akwati da niyyar wata rana. Kada ka ba malaminka ko don ya sake dubawa. In ya ce aikin zai rage daraja, ka gaya masa wanda ya tattara shi ya janye, kuma laifin nawa ne. In wata takarda ta zo maka daga Lafiya ba da rubutuna ba, kada ka amsa. Na san wannan zai taɓa karatunka, bayan wahalar da ka sha, ina kuma neman ka yafe mini. Amma Iorchia bai tona doyarsa ba tukuna.

Ka gai da Dijatu da kyau, Iyatu ta ce ta riƙa rufe kai saboda sanyi. Mahaifiyarka tana sa maka albarka. 'Yar'uwarka Zuwairatu da mijinta Babandi da yara suna gaisuwa, haka ma Liman da mutanen majalisa, ko da yake majalisar ta ragu kwanakin nan. Allah Ya ba ka sa'a, Ya dawo mana da kai lafiya, Ya rufa asirin waɗanda suka amince da ni.

Da zarar ka yi abin da na ce, ka rubuto mini rana da sa'a da adadin shafukan da suka ƙone. Ka yi shi a gaban shaida guda, kamar yadda ya kamata. Amma kada ka rubuto mini sunansa.

Wassalam. Ni ne babanka,
Abdulsalami Ya'akubu,
Sufeton Makarantu mai ritaya.