Robar Ƙuraje Ta Shiga Tsakanina da Abokina

Malam, don Allah ka taimake ni, abin ya tsaya mini a rai. Ni tela ne a Kibiya. Shekara goma sha biyu muna buga ƙwallon tebur da abokina Muntari. Bara na faɗi a babur a hanyar Rano, wuyan hannuna ya goce. Ya warke, amma murɗa ƙwallo ya gagare ni, har na haƙura da wasan. Sai ƙanena Shitu ya kawo mini bat, wato faifan buga ƙwallon, daga Kano, robarsa mai gajerun ƙuraje kamar bayan kwaɗo. Wallahi da farko na ɗauka a juye aka manna ta.

Ashe magani ce! Duk murɗin da Muntari ya yi, sai in tare kawai, ƙwallon ta koma masa a miƙe, ya zuba ta a raga. Na ci shi sau shida a jere. Sai ya ce a gaban mutane wai ha'inci ne, wai a wannan zamani na Shari'a ban ji kunya ba. Yanzu ko shagona ba ya leƙowa. Saura sati uku gasar Rano. Ina son wasan, amma ba na son rasa Muntari. In ɓare robar ne?

Mai Ciwon Hannu, Kibiya

Malam tela, kada ka ɓare ta. Dokar wasa ta yarda da wannan roba, kuma ha'inci abin ɓoye ne, kai kuwa ƙurajenka a fili suke. An yi ta ne don mai tsayawa dab da tebur, mai tarewa da bugun sauri. Murɗin abokin wasa ba ya kama ta sosai, ita ma ba ta murɗawa da yawa. Ranar da aka kore ka baya da tebur, za ka sha kashi.

Shi ma Muntari a duba masa. Shekara goma sha biyu ya san hannunka, rana ɗaya ya wayi gari da baƙo. Kunya ce ta yi magana a bakinsa. Kai za ka je gidansa, ka miƙa masa bat ɗin ya gwada, sannan ka nuna masa lagonta da kanka: ya riƙa tura maka doguwar ƙwallo marar murɗi. Zai fara cin ka, kuma wanda ke cin ka ba ya ƙaurace wa tebur.

Allah ya ƙara wa hannun lafiya, ya kai ku Rano tare.