Sarƙar da Ban Ƙera Miki Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fatan wannan ta same ki cikin rahamar Ubangiji. Na san takarda ba ta zuwa inda kike, kuma ko kina raye sai an karanta miki. Da gangan na rubuta a inda mutane za su gani, domin ƙaryar da na yi miki a bainar jama'a kika riƙa yawo da ita a wuyanki.

Jiya da hantsi Yaya Ladidi ta shigo gida da sarƙarki a ƙulle a bakin mayafi. Ita ta same ta da aka raba kayanki. Za ta aurar da jikarta, sai ta kai wa wani maƙerin azurfa a Ɗambatta ya gyara ƙugiyar da ta ɓalle. Mutumin ya juya ta, ya yi dariya, ya nuna mata tambarin kamfani, ya ce irinta a kwali ake sauke su. Ta yi masa tas a gaban mutane. Ta ce mini, "Tanko, ranar kasuwa ƙafata ƙafarka, ka je ka gaya wa jahilin nan da hannunka ka ƙera ta a Turai."

Gobe ce kasuwa, Inna.

Kin tuna hutun da na zo na tarar da ke a gindin darbejiya kina tufka igiyar rama a cinyarki? Kika ce, "Wai yaron nan, me kake yi musu a can da ba sa sakinka?" Na laluba Hausata ban sami kalma ba sai ɗaya. Na ce sarƙa nake haɗawa. A ranar ban yi ƙarya ba. Girman kai ne ya hana ni ƙarasa bayani, na ga kamar ba za ki gane ba. Bari in ƙarasa yanzu.

A cikin jikin kowane mutum akwai wani ɗan ƙaramin furotin da ake kira yubikwitin. Aikinsa shaida, kamar tsumman da kike ɗaura wa kaza don a san tamu ce. Jiki yana ƙulla shi ɗaya a bayan ɗaya har ya zama sarƙa, ya rataya wa wani furotin. A jikinsa akwai gurabe masu lamba, kuma inda aka yi ƙullin shi ne magana. In a gurbi na arba'in da takwas aka ƙulla, ana nufin wannan ya gama amfani, a niƙe shi. In a na sittin da uku ne, sau da yawa kira ne a zo a yi gyara.

Mu aikinmu shi ne mu haɗa sarƙar nan a wajen jiki, a cikin kwalbar da ba ta kai ƙaramin yatsanki ba. Muna sa enzayim, wato 'yan aikin jiki masu ƙulla abu. Na farko ya ɗauko ya zaburar, na biyu ya karɓa ya ƙulla. In ka sake su ba sa tsayawa, sai su cika maka kwalba da dogo da gajere a cakuɗe. Dabarar ita ce ka toshe bakin wannan yubikwitin, ka toshe ƙugiyar wancan, yadda biyu kaɗai za su iya haɗuwa. Sannan ka buɗe gefe guda da sinadari, ka ƙara ɗaya. Haka kike ƙulle bakin igiya kafin ki ci gaba. Shekara uku na yi kafin na sami mai zobe huɗu tsaf, ba gauraye. Ban taɓa ganinta da ido ba. Abin da ake gani kawai shuɗayen layuka ne a jikin wani abu mai kama da daskararren koko, suna hawa kamar matakalar tsani.

Ke kuwa sarƙa kika ji. Kafin in koma, duk ƙauyen ya sani. Kina cewa, "Gidanmu ba a gaji ƙira ba, amma ga shi Allah Ya ba yaron nan." Duk zuwan da na yi sai kin ce, "To maƙeri, ina tawa?"

Na dawo gida don in kafa aikin a nan. Abokan aikina sun ce kada in yi, na ce musu ƙasata ce. Na rungumo enzayim ɗina a cikin fulas cike da busasshiyar ƙanƙara, a cinyata tun daga jirgi har jami'ar da ta ɗauke ni. Shekarun wahalar mai ne, mota takan yi kwana uku a layi. Wuta ta ɗauke sati biyu. Man janaretan sashenmu aka kwashe aka kai gidan wani babba mai baƙi. Ranar Litinin da safe na buɗe firiza, ruwa mai ɗumi ya zubo mini a takalmi.

Enzayim in ya mutu ba ya wari, ba ya sake kala. Na gwada duk da haka. Layi ɗaya ya fito a ƙasa, babu tsani. Na rubuta takardun koke, aka kafa kwamiti, kwamitin ya ci abinci ya watse. Daga nan shekara ashirin na yi ina zana wa ɗalibai kwalba da alli.

A satin da firizar ta narke ne na zo gida, kika sake cewa, "Maƙeri, ina tawa?" Na kasa buɗe baki in ce miki ɗanki ya tashi a banza. Na koma birni na sayi sarƙa a tebur, na yar da ledarta, na naɗe ta a takardar ɗakin gwaji na kawo miki. Kika sa ta a duk suna da biki. Kina ce wa mata, "Ku taɓa a hankali, aikin hannu ne."

Yanzu ina gani a waya waɗanda muka zauna benci ɗaya da su suna gina abin gaba ɗaya da sinadarai, ƙwaya bayan ƙwaya kamar mai shirya carbi, su ƙulla a duk gurbin da suka ga dama. In na gama karantawa sai in tashi in kori awaki daga cikin wake. A nan ƙauye, tun da na yi ritaya na dawo, Dokta suke ce mini, suna kawo mini yara masu zazzaɓi.

Da Yaya Ladidi za ta fita ta tsaya a zaure ta ce, "Ni ma da laifina. Inna ta ce ko ta tsinke kada a kai ta wurin maƙeri, a ɗaure da zare. Na zaci gudun kada a sauya mata ita take yi."

Na zauna a zauren nan har aka kira azahar. Sai na tuna koren da sarƙar take bar miki a wuya, da yadda kike goge ta da toka da lemun tsami kafin kowane biki, a ɗaki, kin saki labule. Mace mai gane igiya mai kyau da taɓawa ɗaya. Yaushe kika sani, Inna? Tun ranar farko?

Na daɗe da yarda cewa ƙasar nan ƙullin arba'in da takwas ta yi mini, har yau ban sauya ra'ayi ba. Ban san akwai wadda ta yi shekaru tana rufa mini asiri da wuyanta ba, ni kuwa ina ganin ba za ta gane bayani ba.

Gobe zan bi Yaya Ladidi, amma a hanya zan gaya mata gaskiya, in mun isa in ba maƙerin haƙuri. Ƙugiyar na ɗaure ta da zaren rama kamar yadda kika ce. Shi ne ƙulli ɗaya da hannuna ya taɓa yi a jikinta.

Allah Ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa mini, Ya yalwata kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ki yafe mini, Inna.

Ɗanki, maƙerinki,
Tanko.